Na haura Windows 11, yanzu rumbun ajiyata ya ce sai an yi masa fomatin

Maman Iman:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Na daɗe ina karatu a nan ban taɓa cewa uffan ba, yau dai dole ta sa. Kwamfutata ta shekara huɗu a kan Windows 10 lafiya lau. Ranar Asabar ƙanena ya haurar min da ita zuwa Windows 11, kuma tun daga ranar ban huta ba. Babbar damuwata rumbun ajiya na waje, mai terabait 2, wanda duk aikina na shekara shida ke ciki: takardun da na tsara wa mutane, hotuna, da littattafan da na yi sikanin. In na jona shi fitilarsa na kamawa, in ji yana juyawa, sai ya yi wani ɗan ƙas, ƙas, ya yi shiru, ya sake farawa. Wani lokaci ya fito a kwamfutar na ɗan minti biyu ya ɓace. Jiya da dare ina cikin kwafe wata folda zuwa cikinsa ya yanke, da ya dawo sai ga saƙo wai sai an yi masa fomatin kafin a yi amfani da shi. Ban danna komai ba, na zare shi. Bayan wannan, sikana ta daina aiki, ita kuma manhajar da nake tsara takardu da ita tana cewa babu wani fayil mai suna MSVCR100.dll. Don Allah ta ina zan fara?

Abbati:
Wa alaikumus salam Anti. Wannan ai ƙaramin abu ne. Ki buɗe Command Prompt da ikon mai gudanarwa, ki rubuta chkdsk sai harafin rumbun sai /f /r, ki bar shi ya kwana yana aiki. Na gyara filash ta fi goma da haka.

Injiniya Bala:
Hajiya, kafin komai: kada ki yi abin da Abbati ya ce, kuma kada ki sake jona rumbun sai mun gama magana. Kin yi dabara da ba ki danna fomatin ba. Abbati, filash ɗin da ba a damu da abin cikinta ba daban, rumbun da ke ɗauke da aikin shekara shida kuma yana ƙas-ƙas daban. Shi chkdsk ba dubawa kawai yake yi ba. Da zarar ka sa masa /f, rubutu yake yi a kan tsarin fayilolin, ya yanke abin da bai gane ba, ya tara guntayen a wata folda mai suna FOUND.000, kuma ba shi da maɓallin komawa baya. Shi kuwa /r sai ya bi kowane lungu na faifan ya karanta, awanni masu yawa a rumbu mai girman nan. In faifan ya fara gajiya, wannan wahalar kaɗai na iya ƙarasa shi. Burin chkdsk shi ne tsarin ya daidaita, ba ruwansa da ko hotunanki sun tsira.

Abbati:
Yallaɓai ai ban ce ta yi fomatin ba. Kuma Microsoft da kansu suka yi chkdsk don irin wannan.

Injiniya Bala:
Sun yi shi, kuma ni ma ina amfani da shi. Amma bayan an kwashe kaya, ba kafin ba.

Malam Habu:
Ni fa ina ganin kuna zagaye-zagaye. Baiwar Allah ta ce komai lafiya lau yake kafin Asabar, bayan Asabar komai ya rikice. Ruwa ba ya tsami banza. Ta koma Windows 10 kawai a wuce wurin. Hajiya ki shiga Settings, System, Recovery, za ki ga maɓallin komawa baya. Kwana 10 ake bayarwa, ke kuwa yau kwana huɗu.

Maman Iman:
Malam na duba, maɓallin yana nan amma ya dusashe, ba ya dannuwa.

Malam Habu:
To an goge Windows.old ke nan, foldar da ake ajiye tsohuwar Windows a ciki. Ki tambayi ƙanen naki.

Zainabu:
Ko da ya dannu, Malam Habu, komawa ba za ta gyara rumbun ba. Abin da ya lalace a jikin rumbun ya lalace, ba a cikin Windows ba. Ko wace kwamfuta aka kai shi saƙon fomatin ɗin nan zai iya fitowa. Sannan Windows 10 ta daina samun gyaran tsaro na gama-gari tun 14 ga Oktoba, 2025, sai wanda ya yi rajistar shirin ƙarin kariya. Komawar ta zama an gudu ba a tsira ba.

Malam Habu:
Ni dai tawa tana kan 10 kuma ba abin da ya same ni. Ba kowane sabo ne alheri ba.

Zainabu:
Ba musu nake da kai a kan wanne ya fi daɗin amfani ba, Malam. Cewa nake ba nan matsalarta take ba.

Injiniya Bala:
Mu bar wannan tukuna. Hajiya, ina da tambayoyi, ki amsa su yadda abin yake ko da kin ga kamar ba su da alaƙa. Rumbun ƙarami ne da ke shan wuta daga kwamfuta, ko babba mai cajarsa daban? Wayar da kike jona shi da ita, ita ce wadda ya zo da ita? Kai tsaye kike sa shi a jikin kwamfutar ko ta wani abin rarraba ramukan USB? Kuma yana jone lokacin da aka yi haurawar?

Maman Iman:
Ƙarami ne, ba shi da caja. Yana jone lokacin, don kusan kullum a jone yake. Abin rarrabawa kuwa eh, ina da shi, mai rami huɗu, akwai linzami da allon rubutu da sikana a jikinsa. Waya kuma... gaskiya ba tasa ba ce. Ƙanen nawa ya ari tasa ranar da ya yi aikin, don ya kwashe wasu abubuwa a nasa rumbun, ya tafi da ita. Sai na ɗauko wata tsohuwar wayar caji na ga ta shiga, na ci gaba da amfani da ita.

Injiniya Bala:
Tsaya. Ki dubi ramin da ke jikin rumbun. Faffaɗa ne mai kamar gida biyu, da ɗan lotsawa a tsakiya? Wayar cajin kuma ɓangare ɗaya kawai ta cika, ɗayan yana nan fayau?

Maman Iman:
Wallahi haka yake. Na ma yi mamaki da ta shiga rabi kuma ya kama.

Injiniya Bala:
To mun kamo bakin zaren. An ƙera ramin ne da gangan yadda tsohuwar waya za ta iya shiga rabinsa, amma in ta shiga a matsayin USB 2.0 yake aiki. A ƙa'ida ramin USB 2.0 miliamfiya 500 yake bayarwa, na USB 3.0 kuma 900. Rumbun nan akwai mota a cikinsa mai juya faifai, kuma lokacin da ya fi cin wuta shi ne sa'ad da motar ke tashi. Ke kuma kin haɗa masa abu biyu: siririyar wayar caji, da abin rarrabawa marar wutar kansa wanda na'ura huɗu ke rabon abin da rami ɗaya ke bayarwa. Ƙas-ƙas ɗin da kike ji yana iya zama hannun karatun ne ke komawa mazauninsa duk lokacin da wuta ta gaza. Na ce yana iya zama, domin faifan da ke mutuwa ma irin wannan ƙarar yake yi. Za mu bambance su nan gaba. Amma yankewar jiya kina tsakiyar rubuta masa abu, ita ce mafi kusa da zama sanadin saƙon fomatin.

Abbati:
Ke nan Windows 11 ba ta da laifi ko kaɗan? Ni ban yarda ba. Bayan na haura, nawa rumbun ma ya dinga yankewa da wayarsa ta asali, sai da na kashe USB selective suspend a cikin Power Options sannan ya zauna.

Injiniya Bala:
Wannan gaskiya ne, yana faruwa. Sabon girki yakan mayar da saitin tanadin wuta yadda ya zo daga farko, kuma yakan sa nasa direbobin a madadin na kamfanin da ya ƙera kwamfutar. Saboda haka shawararka tana da amfani, ta kashe shi, ta kuma shiga Device Manager ta cire alamar da ke ba kwamfuta damar kashe USB Root Hub don tanadin wuta. Abin da nake ƙi shi ne mu ɗora komai a kan haurawar don kawai rana ɗaya suka faru. Ranar Asabar abu biyu aka canja, Windows da waya. Na farkon ne kawai ta ba mu labari.

Maman Iman:
Kunya ta kama ni wallahi. Ko a mafarki ban kawo waya a raina ba.

Zainabu:
Babu abin kunya Yaya. Ni na taɓa kwana biyu ina cire direbobi ina mayarwa, ashe ƙura ce ta cika ramin.

Maman Iman:
Na aika an karɓo wayar. Na jona shi kai tsaye a rami mai launin shuɗi, na cire abin rarrabawar gaba ɗaya. Ƙarar ta daina! Minti ashirin ke nan yana juyawa shiru bai yanke ba. Amma saƙon fomatin ya sake fitowa, na soke shi.

Injiniya Bala:
Alhamdu lillahi, rabin tsoron ya tafi. Yanzu ki danna maɓallin Windows da X tare, ki zaɓi Disk Management. Dubawa kawai za ki yi. In wani akwati ya fito yana neman ki zaɓi MBR ko GPT, ki soke shi, kada ki amince. Ki gaya min abin da aka rubuta a kan layin rumbun, da girman da ya nuna.

Maman Iman:
Ya nuna Disk 1, 1863 GB, akwai harafin E, sannan an rubuta RAW. Ina sauran gigabait ɗin suka tafi? Ai 2000 ya kamata.

Abbati:
Ba su tafi ko'ina ba Anti. Masu ƙerawa da 1000 suke lissafi, Windows kuma da 1024. Duk rumbu mai terabait 2 haka yake nunawa.

Injiniya Bala:
Abbati ya faɗi daidai, kuma wannan albishir ne. Girman ya fito cif, kason yana nan da harafinsa. RAW ba ya nufin babu komai a ciki. Yana nufin Windows ta leƙa farkon kason ba ta gane wane tsari ne ba. Kamar littafi ne da aka yage shafin da ke nuna abubuwan da ke ciki, babukan suna nan. Kin tuna ko NTFS ne ko exFAT?

Maman Iman:
exFAT, don wani lokaci nakan kai shi wurin mai Mac.

Injiniya Bala:
Na zata haka. exFAT yana da daɗi don Windows da Mac duk suna karanta shi suna rubutu a kai, kuma ba shi da iyakar gigabait 4 ga fayil ɗaya irin ta FAT32. Rauninsa shi ne ba ya ajiye kundin abin da yake shirin yi kafin ya yi. NTFS yana ajiyewa, shi ya sa in wuta ta yanke yakan iya gyara kansa. exFAT in aka katse shi a tsakiyar rubutu, yadda aka bar shi haka zai zauna. Duk da haka yana da kwafin sashen farkonsa a ajiye dab da na asalin, kuma sau da yawa daga nan ake farfaɗo da shi.

Sadiƙu:
Ku yi haƙuri in ɗan shigo da tawa tunda an ambaci Mac. Bayan na sabunta macOS, rumbuna yana buɗewa ina ganin komai, amma ba na iya ajiye sabon abu ko gogewa. Shi ma lalacewar ce?

Zainabu:
A'a. Ina kyautata zaton naka NTFS ne. macOS tana karanta NTFS amma ba ta rubutu a kansa da kanta. In a da kana rubutu, to akwai wata manhajar wani kamfani da ke yi maka wannan aikin, wataƙila ma tare da rumbun ta zo ka manta da ita. Irinsu sukan tsaya bayan sabuntawa har sai an ɗora sabon zubinsu, an kuma ba su izini a Privacy & Security. Ka buɗe Disk Utility ka ga tsarin da ya nuna.

Sadiƙu:
NTFS ne kuwa. Na gode, na ga manhajar, tun 2020 rabona da sabunta ta.

Malam Habu:
Kun gani ko? Ko'ina sabuntawa ita ce masifar.

Mai kula da zaure:
Malam Habu, a buɗe wa wannan muhawarar zarenta daban. Nan a gama da matsalar Maman Iman.

Zainabu:
Yaya, ga tawa shawarar, Injiniya ya gyara min in na kauce. Abu na farko ki samo wani rumbu da zai ɗauke duk abin da ke cikin wannan, aro ko saye. Duk abin da za a ceto, can za a zuba shi, ba a kan mai ciwon ba, ko fayil ɗaya. Sannan a gwada shi da Linux, wani tsarin tafiyar da kwamfuta ne daban da Windows. Ana ɗora Ubuntu, wani nau'in Linux, a kan filash da manhajar Rufus, a tashi kwamfutar daga filash ɗin a zaɓi gwaji kawai, ba girkawa ba. Ba ya taɓa Windows ɗinki. Sau da dama rumbun da Windows ta ce RAW ne, Linux sai ta buɗe shi. In ya buɗe, kwafa kawai za ki yi. Ki tuna Rufus zai share duk abin da ke kan filash ɗin, kuma ki zare rumbun kafin ki buɗe Rufus ɗin don kada hannu ya kuskure.

Injiniya Bala:
Ban da abin gyarawa sai ƙari biyu. Kafin ki tashi kwamfutar daga filash, ki duba ko an kulle faifan cikinta da BitLocker, don sabbin girkin Windows 11 sukan kunna kullewar da kansu in an shiga da asusun Microsoft. In a kulle yake, ki shiga asusun ki kwafe mabuɗin ceto, lamba 48 ne, ki rubuta a takarda. Taɓa saitin tashin kwamfuta na iya sa ta nemi mabuɗin, kada garin neman gira a rasa ido. Na biyu, kafin duk wannan ki ɗora CrystalDiskInfo, kyauta ne, karanta rahoton lafiyar faifan kawai yake yi. Ki turo min abin da ke gaban layi 05 da C5 da C6. In faifan lafiya yake, kwafa ta yau da kullum ta isa. In ya fara rauni, hanyar za ta canja.

Abbati:
Duk wannan doguwar hanya? TestDisk na gyara sashen farkon nan cikin minti biyar daga kwafin da Yallaɓai ya ambata da bakinsa. Ko a ciro faifan daga gidansa a sa shi a wani gidan, a huta.

Injiniya Bala:
TestDisk kayan aiki ne na gaske, ina girmama shi. Amma abu biyu yake yi. Yana iya jero fayiloli ka kwafe su zuwa wani wuri ba tare da ya rubuta komai ba, wannan na yarda da shi yanzu. Yana kuma iya rubuta gyara a kan faifan, wannan sai bayan an kwashe. Minti biyar ɗin naka in ya yi daidai ka zama gwani, in ya kuskure wa zai biya ta shekara shida? Batun fasa gida kuwa, kul. Wasu ƙananan rumbunan ramin USB ɗin a like yake da allon faifan, babu abin da za ka ciro ka sa a wani wuri. Wasu kuma allon gidan ne ke kulle bayanan ko yake sauya yadda ake lissafin sassan faifan, in ka raba su ka ga shirme ko da faifan lafiyarsa ƙalau.

Abbati:
Na karɓi ta gidan, ban san da ita ba. Amma ta TestDisk har yanzu ina ganin tsoron ya yi yawa.

Maman Iman:
Abbati, bar ni da tsorona. Ga abin da ya fito: an rubuta gargaɗi da launin rawaya. 05 sifili ne, C5 yana nuna 8, C6 sifili.

Injiniya Bala:
To. C5 na nufin sassan da faifan ya kasa karantawa yana jiran ya ga ko za su gyaru. Yankewar wuta a tsakiyar rubutu na iya haifar da su ba tare da faifan ya lalace ba, kuma farkon lalacewa ma haka yake farawa. Tunda 05, wato adadin sassan da faifan ya riga ya fid da rai da su ya musanya su, sifili ne, ina da kyakkyawan zato, amma ba za mu yi caca ba. Ga yadda zan yi in nawa ne. In Ubuntu ta buɗe shi, ki fara da foldar da in ta ɓata za ki yi kuka, ba da wadda ta fi girma ba. Ki kwafa kaɗan-kaɗan. In kwafar ta tsaya cak a kan wani fayil, ki tsallake shi ki rubuta sunansa, kada ki yi ta maimaitawa. In kuwa bai buɗe ba, ko ƙarar nan ta dawo da wayar asali, ki tsaya. A nan sai ddrescue, wanda ke ɗaukar hoton faifan gaba ɗaya, ya fara da wuraren da ke da lafiya sannan ya dawo kan masu wuya, kuma yana ajiye taswirar inda ya tsaya. Shi ba zan so ki yi ke kaɗai ba, don in aka juya sunan faifan da ake kwafowa da wanda ake zubawa, an shafe komai.

Maman Iman:
Na fahimta. Ƙawata za ta ara min rumbu gobe. Kafin nan, manhajar tsara takardun fa? Ina da aikin da zan miƙa ranar Litinin.

Malam Habu:
Tsohuwar manhaja ce mai bit 32, Windows 11 kuwa 64 ce zalla. Ba za ta yi ba.

Zainabu:
Ba haka ba ne Malam. Windows 11 ba ta da zubin bit 32, gaskiya, amma tana tafiyar da manhajoji masu bit 32 lafiya lau. Direbobi ne dole su zama 64. Wataƙila da Mac kake haɗawa, su ne suka daina karɓar manhajojin bit 32 tun Catalina a 2019. MSVCR100.dll na cikin kunshin Visual C++ na 2010 ne. Abin da ke ɗaure min kai, haurawa ta yau da kullum ba ta cire shi. Yaya, ki tambayi ƙanenki ainihin abin da ya zaɓa lokacin girkin.

Maman Iman:
Na kira shi. Ya ce ya zaɓi a bar fayiloli kawai ban da manhajoji, wai don ta fi sauri. Da ya ga manhajar tawa babu, sai ya kwafo foldarta daga Windows.old ya ajiye min a fuskar kwamfuta, sannan ya goge Windows.old don ta cinye wuri. Yana ta ba ni haƙuri.

Zainabu:
Shi ke nan, an gano. Kwafo folda ba girkawa ba ne. Lokacin girki manhaja takan zuba wasu fayiloli a cikin Windows, ta yi rubutu a rajista, ta ajiye lasisinta. Shi gangar jikin kawai ya ɗauko. Ki nemo ainihin fayil ɗin girkinta da lambar lasisi ki girka ta daga farko, galibi ita da kanta za ta sa kunshin da take buƙata. In ba ta sa ba, ki sauke shi daga shafin Microsoft, kuma ki ɗauki mai alamar x86 in manhajar mai bit 32 ce, ko da Windows ɗinki 64 ce. Nan mutane da yawa ke kuskure. Abin da ba za ki yi ba shi ne neman wannan fayil ɗin shi kaɗai a shafukan da ke raba DLL, ba ki san abin da aka cusa a ciki ba.

Maman Iman:
Fayil ɗin girkin da lasisin suna cikin rumbun.

Abbati:
Innalillahi. To Anti, na janye maganar chkdsk gaba ɗaya.

Injiniya Bala:
Sikanar kuma, tunda girkin kusan sabo ne, direbanta ya tafi tare da sauran. Ki sauke na Windows 11 daga shafin kamfanin da ya ƙera ta, in babu ki gwada na Windows 10 mai bit 64, yawanci yana yi. In Windows ta ce direban ba zai iya tashi a wannan na'urar ba, to Memory integrity ne ya tare shi, yana cikin Windows Security ƙarƙashin Core isolation, kuma yakan zo a kunne a sabon girki. Za ki ga masu cewa a kashe shi kawai. Zai yi aiki, amma kin rage wa kwamfutar kariya saboda direba ɗaya. Ni sai na rasa sabon direba sannan nake tunanin haka.

Maman Iman:
Assalamu alaikum, na dawo da labari. Ubuntu ta buɗe shi! Da na ga foldodina sun jeru da sunayensu sai da na tashi na zaga ɗaki. Na fara da takardun mutane da lasisin kamar yadda Injiniya ya ce, sannan hotuna. Kwafar ta ɗauki kusan awa tara. Fayil uku ne suka ƙi, duka a cikin foldar da nake kwafewa daren da ya yanke, kuma biyu daga ciki ina da su a kwamfutar. Na ukun hoton wani shafi ne da zan iya sake sikanin ɗinsa. Na girka manhajar daga farko, ta buɗe ba ta nemi komai ba. Sikana ma ta tashi da direban Windows 10, ban kashe komai ba. Allah ya saka muku da alheri, ya ƙara ilimi.

Injiniya Bala:
Amin, madalla. Ki buɗe fayiloli kamar ashirin daga foldodi daban-daban a sabon wurin ki tabbatar suna buɗewa, ki kuma gwada adadin fayilolin ɓangarorin biyu. In sun yi daidai ban da ukun nan, yanzu Abbati na iya yin duk gwajin da ransa ke so a kan tsohon.

Abbati:
Sai yanzu aka tuna da ni. Anti ki yi masa cikakken fomatin, ba na gaggawa ba, don cikakken yana rubuta sifili a ko'ina. In C5 ya koma sifili kuma 05 bai motsa ba, yankewar wuta ce kawai. In 05 ya fara hawa, faifan ya kama hanya.

Injiniya Bala:
Daidai, amma ba yau ba. Rumbun da ta zuba kayan na aro ne. In ta yi fomatin yanzu, kwafi ɗaya tak ya rage mata a duniya, kuma a hannun kayan wani. Sai ta sami nata na biyu tukuna.

Malam Habu:
Ina taya ki murna Hajiya. Amma ni har yanzu ina kan 10.

Maman Iman:
Ƙawar tawa ta ce in riƙe shi zuwa ƙarshen wata, kafin nan zan sayi nawa in sha Allahu. Tambaya ta ƙarshe: sabon in na saya, exFAT zan sake yi masa ko NTFS? Har yanzu nakan kai aiki wurin mai Mac ɗin.

Zainabu:
Na ajiya ki yi masa NTFS ya zauna a gida. Abin da za ki kai wa mai Mac ki sa a filash mai exFAT, in ta rikice ba ki yi asarar komai ba. Kuma ki karɓe wayar nan daga hannun ƙanenki gaba ɗaya.

Maman Iman:
Na riga na ɗaure ta a jikin rumbun da roba.